Shekarar da Na Ba da Hauwa da Bakina

Na san abin da ake faɗa a gida game da ni da Yaya Mamman, kuma na san ya zo kunnenku, don irin wannan magana ba ta ɓuya wa yaran gida. Wasu sun ce a kan kwantena muka ɓata. Wasu sun ce zaman China ne ya sa na raina asalina. Wadda ta fi ƙona mini rai ita ce ta gwaggonku Asabe, wai wani Ba'indiye mai rawani ne ya juya mini kai har na ɗauki 'yata na ba ɗan mahauta. Tun da yanzu ciwon gwiwa ya zaunar da ni, kuma waɗanda suka ga abin da idonsu wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu sun watse a duniya, bari in faɗa muku yadda aka yi. Ba'indiyen nan akwai shi, sunansa Harnek, kuma abokina ne. Sai dai shawarar da ya ba ni ita ce in bi maganar Yaya.

Ba za ku gane nauyin abin ba sai kun san wane ne Yaya a wurina. Mahaifinmu ya rasu ban yi wayon da zan riƙe fuskarsa ba. Yaya ne ya sa ni makaranta, shi ya nema mini auren mahaifiyarku, kuma ranar da zan fara zuwa China shi ya kai ni filin jirgi a bayan babur ɗinsa, jakata a tsakaninmu. Ban taɓa zama a kujera yana kan tabarma ba. Gidanmu kun san ana ce masa Gidan Barde, saboda kakan kakanmu da aka ce shi ya tare ƙofar gari a zamanin da mahara ke zuwa daga Maraɗi daga arewa. Sulkensa da takobinsa suna cikin akwatin ƙarfe a ɗakin Yaya, tsatsa ta cinye rabin sulken. Mu da muka gaji sunan babu wanda ya taɓa hawa doki. Yaya malamin gona ne, abin hawansa babur, yaƙinsa da tsutsar masara yake yi. Amma in ya fara zancen Barde sai ka rantse jiya ya dawo daga fagen daga. Tun muna yara muka haddace gidajen da ba a aure a cikinsu, wato mahauta da wanzamai da maƙera da maroƙa. Ba a taɓa gaya mana dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba.

A shekarar da nake ba ku labari na riga na daɗe a Guangzhou. Ina da ɗan ofis a wani bene a unguwar Dengfeng, inda mutanen Kano da Maraɗi da Yamai ke kawo kayan da suka saro a kasuwar Canaan in haɗa musu in tura gida. Ku ƙanana kuna Kano kuna makaranta. Mahaifiyarku tana tare da ni, haka ma yayarku Hauwa, wadda ta gama karatunta a can ta iya Sinanci har tana cacar baki da direbobi. Ita ce bakina ita ce kunnena, don ni iyakar abin da na iya shi ne nihaw da shiyeshiye, wato sannu da na gode, sai meyo da nake ji a bakin masu kanti in ba su da abin da nake nema. A cikin masu kawo mini kaya akwai wani saurayi ɗan Maraɗi, Nura, mai sarar farantan sola. Yaro ne marar hayaniya, in aka kira salla ba a nemansa. Na lura kayansa kullum suna da wata matsala da sai Hauwa ce za ta warware, na yi kamar ban gani ba. Wata rana da la'asar ya jira kowa ya fita, ya tuɓe takalmi ya durƙusa a gaban teburina.

"Alhaji, manyana za su zo wurinka kan zancen Hauwa'u. Amma kahin ka aika a bincika, gara ka ji daga bakina. Ubana mahauci ne, kakana ma mahauci. Rumfarmu tana nan cikin kasuwa, duk Maraɗi an san ta."

"Wa ya tambaye ka?" na ce.

"Ba kowa, Alhaji. Amma za a tambaya."

Ban ji daɗin maganar ba, ba zan ɓoye muku ba, don ni ma a gidan nan aka raine ni. Na ce ya tashi ya je, zai ji daga gare ni. Kun san a wurinmu uba ba ya ba da 'yarsa aure da bakinsa. Shari'a ta ba shi, al'ada ta karɓe ta ba wansa ko ƙanensa, kuma uban da ya zauna gaban liman ya ce na bayar, ko dai ba shi da kowa a duniya, ko kuwa danginsa sun yar da shi. Hauwa kuwa tun ranar suna ta Yaya ce. Shi ya sa mata sunan mahaifiyarmu, bai taɓa kiranta da komai ba sai Uwata. Don haka na kira shi, muka gaisa, na tambayi gona da iyali, na yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman rance, sannan na faɗa.

"Ɗan wane gida ne?" ya ce.

Na gaya masa.

"Sani, mutanen da Barde ya kora daga ƙofar gari, yau kai za ka buɗe musu ƙofar ɗaki? Da ma mai doki ne a cikinsu da da sauƙi. Mai wuƙar fiɗa."

"Yaya, yaron yana da addini, yana da sana'a, ita ma tana so."

"Ban ce ba ya salla ba. Ni ma ina bin mahauci salla in ya fi ni karatu. Salla daban, jini daban. Bakina ba zai ba da Uwata gidan mahauta ba. In kai kana da bakin, ga ka ga ta."

Lokacin bazarar can ne, sa'ad da bango ke zufa, tayil ke santsi, wanki ya kwana uku a igiya bai bushe ba. Gidanmu ya yi nauyi kamar iskar garin. Mahaifiyarku, Allah ya ji ƙanta, tana son Nura, ita ke ajiye masa ƙanzo, amma da na gaya mata yadda muka yi da Yaya sai ta ajiye muciya ta dube ni.

"Alhaji, ka bi a hankali. Miji ana samun wani. Wa ba a samun wani."

Hauwa tana bakin ƙofa ta ji. Na zaci za ta yi kuka ko ta yi mini gardama irin wadda take yi da direbobi, da ta yi da na samu abin riƙewa. Sai kawai ta ce, "Abba, in Baffa ya ce a'a na haƙura. Amma don Allah kada a ce in yi murna." Washegari ta gaya wa Nura ya riƙa ba wani kayansa ya kawo. Ta ci gaba da zuwa ofis, tana amsa waya, tana lissafa kwalaye, sai dai ta daina faɗa da kowa. Direba zai makara rabin yini ta ce masa ba komai. Ni na san 'yata, wannan ba komai ɗin ya fi kuka ciwo a wurina.

A nan Harnek ya shigo labarin. Sito ɗaya muke haya da shi a bayan unguwar Sanyuanli, an ja layin fenti a tsakiya, rabi nawa rabi nasa. Kayan keke da na keken ɗinki yake saye yana turawa ƙasarsu. Dogo ne, farin gemunsa a naɗe a ƙarƙashin haɓa, da shuɗin rawani, da awarwaron ƙarfe a hannu, da 'yar wuƙa a ƙarƙashin riga wadda ba ya rabuwa da ita. Baƙin Kano in sun gan shi sai su yi masa sallama har da rusunawa, suna zaton wani shehi ne. Shi ba Musulmi ba ne, ba kuma Hindu ba, addininsu Sikh ake ce masa. Ba ya shan taba, ba ya kuma cin yankanmu, don haka shekarun da muka yi tare shayi ne da gurasa suka haɗa mu. Da Turancin kasuwa muke magana, nawa gurgu nasa makaho. Abin da ya fi so a duniya shi ne tarihin mutanensa, in mota ta makara sai ya zauna a kan kwali ya fara, ni kuma in riƙa gyaɗa kai hankalina yana kan kaya. Yana ji da kakanninsa kamar yadda Yaya ke ji da Barde. Ya ce manoma ne da suka zama mahaya, a kan sirdi suke barci a zamanin da ake farautar duk mai rawani irin nasu.

A wannan makon, da yake raina a jagule yake, karon farko na saurare shi da kunne biyu. Ya ce a ƙasarsu tun fil azal an raba mutane hawa-hawa, masu addu'a a sama, sai mayaƙa, sai 'yan kasuwa, sai masu aikin hannu, sai waɗanda ko inuwarsu ba a so, irin majema da masu shara. Takobi na gidan mayaƙa ne kaɗai, ɗan wanzami ko ya fi kowa zuciya aska ce gadonsa. Malaminsu na farko ya ce duk wannan shirme ne, ya kafa ɗakin girki inda kowa zai zauna a ƙasa a layi ɗaya ya ci daga tukunya ɗaya. Daga baya sarakunan zamanin suka matsa musu, har aka sare kan malaminsu na tara a babban birni, kuma wanda ya yi ƙarfin halin ɗauko kan ya kai wa iyalinsa ɗan gidan masu shara ne. Sai ɗan mamacin, malaminsu na goma, ya tara jama'a ranar wani biki, ya fito da takobi tsirara ya ce yana son kan mutum ɗaya. Wuri ya yi tsit. Wani mai kanti ya tashi, malamin ya shiga da shi tanti, ya fito takobi na jini, ya ce yana son wani. Haka har mutum biyar, mai kanti da manomi da mai ɗinki da mai ɗebo ruwa da wanzami. Daga ƙarshe ya fito da su duka da ransu. Ya zuba ruwa da sukari a kwanon ƙarfe ya dama da takobi, suka sha baki bayan baki, sannan shi ma ya durƙusa ya roƙi su ba shi.

"Daga ranar sunanmu ɗaya," in ji Harnek, yana buga ƙirji. "Singh, wato zaki. Sarakunan tudu masu jinin mayaƙa suka ce ba za su sa baki inda wanzami ya sa ba. Aka bar su da jininsu. Wanzamai da manoma suka ɗauki takobi, kuma su suka ci ƙasar."

Ya ga labarin ya shige ni, sai ya ce in zo ranar Lahadi in ga layin cin abincin da idona, gani ya kori ji. Wani gida ne suke haya a saman bene, su 'yan kaɗan da ke garin. Na jira a waje har suka gama ibadarsu, sannan na tuɓe takalmi na shiga da hulata, don ba a shiga da kai a buɗe. An shimfiɗa dogayen tabarmi, kowa a ƙasa, mai kamfani kusa da ɗan dako. Wani gajere baƙi mai suna Pritam, wanda na sani yana duba ingancin takalma a masana'antu, shi ke zagayawa da kwandon gurasa. Na ga Harnek, da duk girman kansa, ya haɗa tafukansa biyu ya ɗaga sama kamar mai roƙo, Pritam ya saka masa gurasa a ciki. Da aka gama Harnek ya naɗe hannun riga ya tsuguna ya wanke kwanukan kowa, har da na Pritam. Abin ya taɓa ni ƙwarai, ya tuna mini sahun Juma'a. Da muka fito muna tafiya a ƙarƙashin gadar sama zuwa tashar jirgin ƙasa, yayyafi na sauka, sai na ji ga wanda zan buɗe wa cikina. Na gaya masa zancen Hauwa da Nura da Yaya, ina jiran ya ce in yi abin da malaminsu ya yi. Ya tsaya ya dube ni.

"Mahauci ka ce? Mai yanka da fiɗa?"

"Shi."

"Alhaji, ka bi maganar yayanka."

"Kai da ka ba ni labarin wanzami da mai ɗebo ruwa?"

"Wannan kwanon addini ne. Aure kuwa gona ce da jini. Ka ga Pritam? Majemi ne. Ina karɓar abinci a hannunsa, ina wanke kwanonsa, in ya mutu a garin nan ni zan ɗauki gawarsa. Amma a ƙauyenmu wurin ibadarsu daban yake a bayan gari, inda suke ƙona mamatansu ma daban. In ɗansa ya nemi 'yata na ba shi, ba ni ba sake taka ƙauyenmu. Malaman namu goma ma ai daga dangi ɗaya suka fito, kuma a cikin dangin suka yi aure."

"To shi wanzamin da ya miƙa wuyansa, wa ya auri 'yarsa?"

"Wani wanzamin mana," ya ce, ya yi 'yar dariya wadda ba ta da daɗi.

Kun san zuciyata, ba ta da nisa. Na ce masa ashe ruwan sukari kawai suka sha. Ya dube ni ido cikin ido ya ce mu ma ashe kafaɗa kawai muke haɗawa a masallaci. Muka shiga jirgi ɗaya, kowa ya kama ƙarfensa har Harnek ya sauka.

Ga abin da gwaggonku ba ta sani ba. Maganar da Harnek ya yi mini ita ce ta Yaya, kusan kalma da kalma. Amma a bakin Yaya maganar tana sanye da rigar uba, ba na iya kallonta sosai. A bakin Harnek na gan ta ba riga. Laifi tudu ne, sai da na hango nasu sannan na ji nawa a ƙarƙashin ƙafata. Mutum ya tashi a cikin dubban jama'a ya miƙa wuyansa lokacin da masu jinin mayaƙa ke kallon ƙasa, an ba shi sunan zaki, amma jikokin irinsa suna bayan gari har yau. Na ji haushin wannan kamar ni aka yi wa. Sai na tambayi kaina, shi Barde kafin ya tare ƙofar nan ɗan wane ne? Babu wanda ya sani a gidanmu. Daga ranar da ya tsaya a ƙofa muka fara lissafi. Mai yiwuwa manomi ne, mai yiwuwa bawa ne, Allah kaɗai ya sani ko ubansa ba da wuƙa yake ci ba. Na tuna Nura a durƙushe yana faɗar abin da ya san zai iya rushe shi, ba wanda ya tambaye shi. Ni dai ban ga wanda ya yi irin wannan a gidanmu ba tun da na yi wayo.

Ban yi gaggawa ba, kada wani ya gaya muku na yi. Na sa limamin garinmu ya je wurin Yaya. Na sa abokinsa na ƙuruciya ya je. Na sa kawunmu, tsoho mai sanda, aka ɗauke shi a mota aka kai shi. Kowa ya dawo da amsa ɗaya. Na so in je da ƙafata, amma fasfona yana wurin sabunta biza, in na janye shi ofis da gida duk sun tafi. Watanni suka shuɗe, Hauwa tana ramewa a gabana, mahaifiyarku ta daina ba ni shawara ta koma yi mini addu'a. Da azumi ya wuce na kira Nura na ce manyansa su zo. Sannan na kira Yaya, don ban yarda ya ji a bakin wani ba.

"Yaya, Juma'a mai zuwa za a ɗaura. Ina roƙonka, ko ta waya ce, ka ce ka bayar."

Na ji numfashinsa, na ji kukan akuya a bayansa, har na gane a ƙofar gida yake zaune.

"To," ya ce. "Ka gai da mutanen gidanka."

Tun da aka haife ni gida ɗaya na sani, namu ni da shi. Ranar na fara jin ina da nawa daban.

Bayan an sauko daga Juma'a muka taru a wani ɗan gidan abinci na wata Bazabarma a Dengfeng, aka ture tebura gefe aka shimfiɗa darduma. Ba a yi gayya ba, don 'yan sandan can ba sa son ganin baƙaƙe sun taru. Goro bai samu ba, sai dabino da alewa. Wani malami ɗan Gana ne ya ɗaura, dattijo ne da bai san abin da ke ƙasa ba. Ya tambayi wakilin ango, wani tsoho Bamaraɗe ya matso. Sannan ya waiga.

"Ina waliyyin amarya?"

"Ga ni," na ce.

"Alhaji, kai ai uba ne. Babu wa, babu ƙane da zai wakilce ka?"

"Akwai wa. Ni zan bayar."

Mutanen Kano suka sunkuyar da kai, shi ma tsohon Bamaraɗen ya kau da ido don kada ya ga kunyata. Aka nema, na ce na bayar. Aka shafa fatiha, mutane suna miƙo mini hannu suna Allah ya sa alheri, ni kuwa ji nake kamar gaisuwar mutuwa ake yi mini. Na yi farin ciki don Hauwa, wannan gaskiya ne, amma ranar maraya nake, kuma ina da furfura a lokacin. Da na fito na tarar da Harnek tsaye a bakin titi da kwalin alewar ƙasarsu, don mun riga mun shirya tun washegarin faɗanmu. Ya miƙo mini ya ce bai sani ba ko ni jarumi ne ko mahaukaci, amma shi ba zai iya ba. Mun ci gaba da shan shayi a sito har ya koma ƙasarsu, sai dai bai sake ba ni tarihin mutanensa ba, ni ma ban sake nema ba.

Sauran kun san wani, ba ku san wani ba. Yaya ya daina ɗaukar wayata. Da biza ta fito na je gida, na same shi a zaure, na durƙusa. Ya amsa gaisuwa, ya tambayi hanya, ya tambayi kasuwa, ya sa aka kawo mini tuwo a kwanon baƙi mai murfi, shi kuma ya ce ya riga ya ci. Ni da shi da muke sa hannu a akushi ɗaya tun ban iya yanka loma ba. Na ci abin da zan iya, na yi sallama, ya ce in sauka lafiya. Bai zage ni ba, bai kore ni ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Da Hauwa ta haifi ɗanta na fari a Guangzhou, Nura da kansa ya ce a sa masa Muhammadu don Baffa, ko Allah zai sa zuciyarsa ta yi sanyi. Muka aika babban ɗan Yaya, Kabiru, ya gaya masa an yi masa takwara. Kabiru ya daɗe bai kira ni ba, sai da na matsa masa sannan ya faɗa mini amsar.

"Baffa, cewa ya yi sunan Annabi ne, ba nasa ba."

Kuna yawan tambayata ko da na san haka za ta kasance zan sake. Zan sake. Yayarku tana cikin rufin asiri, mijinta bai taɓa sa ta zubar da hawaye ba, kuma shi ya yi jinyar mahaifiyarku kamar ita ta haife shi. Amma kada wannan ya sa ku ce abin ya zo da sauƙi, kuma ban yarda ɗayanku ya zagi Yaya ba, ko a bayan raina. Abin da aka ba shi ya riƙe, kuma ya riƙe shi da gaskiya, bai taɓa yi mini fuska biyu ba. Na kuma ji ana cewa wai mun shirya kafin ya rasu. Masu faɗar haka suna so su faranta muku ne. Ni dai kullum ina cewa gobe, in ya ƙara tsufa zai sauko, in yaron ya yi wayo zan kai masa shi ya gani, don ban taɓa jin tsohon da ya ga jika ya kau da kai ba.

Ina sito da hantsi ana loda kwantena sai ga wayar Kabiru. Ya yi sallama, ya ce in yi haƙuri, Baba ya rasu. Na zauna a kan kwali. Na ce yaushe, ya ce jiya da safe, bayan ya yi mako biyu a kwance. Na ce mako biyu yana kwance ba wanda ya kira ni, ga jirgi kullum yana tashi? Na ce to ya yi magana kafin ya cika? Ya ce ya yi, da hankalinsa har ƙarshe.

"Ya ambace ni?"

"Ya ambace ka, Baffa."

"Me ya ce?"

"Ya ce kada a gaya maka sai an dawo daga maƙabarta."

Direban motar yana ta danna oda, ya leƙo yana kirana lawban, wato maigida, yana nuna sauran kayan da hannu. Na ɗaga masa hannu na ce a ci gaba da lodi.